Los Angeles Wolves: Ƙungiyar aro da ta lashe gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka a 1967

Los Angeles Wolves ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ƙwararru da aka kafa a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Ta buga kakar wasanta ta farko a shekarar 1967, a wata gasa mai suna United Soccer Association. Gasar ba ta yi tsawon rai ba. An buɗe ta a ƙarshen watan Mayu, aka rufe ranar 14 ga Yuli, kuma kafin shekarar ta fita an haɗe ta da wata gasar, sunanta ya ɓace. Don haka Wolves ce kaɗai ta taɓa ɗaga kofinta.

Abin da ya sa ake yawan waiwayar wannan kakar shi ne, ƙungiyar ba ta mallaki ɗan wasa ko ɗaya ba. Duk wanda ya sa rigarta a waccan shekarar ɗan wasan Wolverhampton Wanderers ne, ƙungiyar da masu bin ƙwallon Ingila suka fi sani da laƙabin Wolves. An yi hayarta ne gaba ɗaya, daga mai horarwa har mai tsaron raga, ta zo ta buga da sunan Los Angeles na makonni bakwai, ta ci kofi, ta koma gida. Haka sauran ƙungiyoyi 11 na gasar suke, kowace aro aka yi daga Turai ko Kudancin Amurka.

Yadda aka samu gasa biyu a shekara ɗaya

Kafin 1967 ƙwallon ƙafa a Amurka wasa ne na unguwannin baƙi 'yan ci-rani da na makarantu. Jama'ar ƙasar sun fi karkata ga besbol da ƙwallon kwando da kuma zari-ruga irin nasu. Abin da ya sauya lissafin 'yan kasuwa shi ne Gasar Cin Kofin Duniya ta 1966 da aka yi a Ingila. An nuna wasan ƙarshe, wanda Ingila ta doke Jamus ta Yamma da ci 4-2, a talabijin a Amurka, kuma yawan waɗanda suka kalla ya sa attajiran da ke da ƙungiyoyin wasanni suka ga kamar wata sabuwar kasuwa ce ta buɗe. Da yawansu suna da manyan filayen wasa da ke zama babu kowa a ranakun da ba a wasa, suna neman abin da zai cike musu gurbi.

Rukuni uku na masu zuba jari ne suka nemi izinin kafa gasa daga hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wadda ita ce Hukumar FIFA ta sani. Hukumar ta gindaya sharaɗin cewa kowace ƙungiya za ta biya Dala 25,000, sannan a riƙa ba ta kaso daga kuɗin ƙofa da na talabijin. Rukunin da Jack Kent Cooke yake jagoranta ya amince, ya samu izini, shi ne ya zama United Soccer Association. Sauran biyun suka ga sharaɗin ya yi tsauri, sai suka haɗe suka kafa tasu gasar mai suna National Professional Soccer League, wato NPSL, ba da izinin kowa ba. A idon FIFA haramtacciyar gasa ce, kuma duk ɗan wasan da ya shiga cikinta yana fuskantar barazanar dakatarwa.

Shirin su Cooke na farko shi ne su fara a 1968, bayan sun ɗauki lokaci sun tara 'yan wasa. Amma NPSL ta riga su. Ta ƙulla yarjejeniya da gidan talabijin na CBS, ta tattaro 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, ta fara wasa ranar 16 ga Afrilu, 1967 da ƙungiyoyi 10. Masu izini suka ga cewa idan suka jira shekara guda, marasa izini za su kame kasuwa. Lokacin haɗa ƙungiyoyi ya ƙure musu, amma suna da abin da abokan hamayyarsu ba su da shi: amincewar FIFA, wadda ta ba su damar yin ciniki da kowace ƙungiya a duniya. Sai suka yanke shawarar yin hayar ƙungiyoyi sukutum a lokacin hutun ƙarshen kaka.

Ƙungiyoyin da aka aro

An raba ƙungiyoyi 12 gida biyu, Gabas da Yamma, goma a Amurka, biyu a Kanada. Kowane birni an ba shi baƙuwar ƙungiya da sabon suna.

Rukunin Yamma:
- Los Angeles Wolves: Wolverhampton Wanderers ta Ingila
- San Francisco Golden Gate Gales: ADO Den Haag ta Holan
- Chicago Mustangs: Cagliari ta Italiya
- Houston Stars: Bangu ta Birazil
- Vancouver Royal Canadians: Sunderland ta Ingila
- Dallas Tornado: Dundee United ta Scotland

Rukunin Gabas:
- Washington Whips: Aberdeen ta Scotland
- Cleveland Stokers: Stoke City ta Ingila
- Toronto City: Hibernian ta Scotland
- Detroit Cougars: Glentoran ta Ireland ta Arewa
- New York Skyliners: Cerro ta Uruguay
- Boston Rovers: Shamrock Rovers ta Ireland

Ba ƙananan 'yan wasa ne suka zo ba. Gordon Banks, mai tsaron ragar da Ingila ta ci Kofin Duniya da shi shekara ɗaya kafin nan, ya tsare wa Cleveland raga. Roberto Boninsegna na Cagliari, wanda daga baya ya ci wa Italiya ƙwallonta ɗaya tilo a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1970, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da ƙwallo 10.

Mai ƙungiya da baƙinsa

Jack Kent Cooke haifaffen Kanada ne da ya yi arziki a harkar rediyo da jaridu kafin ya koma Amurka. A 1965 ya sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers, sannan ya samu izinin kafa Los Angeles Kings, ƙungiyar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ita ma a 1967 ta fara wasa. A wannan shekarar dai yake gina babban zauren wasanni na Forum a Inglewood. Ƙwallon ƙafa ɗaya ce kawai daga cikin hajojinsa.

Ita kuwa Wolverhampton tsohuwar zuma ce. Ta lashe gasar Ingila sau uku, a 1954 da 1958 da 1959, kafin tauraronta ya dusashe har ta faɗa rukuni na biyu a 1965. A watan Mayun 1967 ta dawo rukuni na ɗaya a ƙarƙashin mai horarwa Ronnie Allen, bayan ta ƙare a matsayi na biyu, Coventry City na gabanta. Ke nan ƙungiya ce da ta zo Amurka da ƙarfin gwiwa, 'yan wasanta sun saba da juna, kuma suna buƙatar gwaji kafin komawa cikin manya.

Daga cikin waɗanda suka yi tafiyar akwai Derek Dougan, ɗan wasan gaba na Ireland ta Arewa da aka sayo daga Leicester City a watan Maris na shekarar. Da Peter Knowles, matashi mai gwaninta da ake wa kallon tauraron gobe. Da 'yan gefe biyu, Terry Wharton da Dave Wagstaffe. Da David Burnside da Ernie Hunt. Da mai tsaron baya Bobby Thomson. Sai Phil Parkes a raga. Gidansu na aro shi ne Los Angeles Memorial Coliseum, filin da aka yi Gasar Olamfik ta 1932 a cikinsa, wanda a shekarar 1967 yake ɗaukar mutum fiye da 90,000.

Yadda kakar ta gudana

Kowace ƙungiya ta buga wasa 12 a cikin kimanin makonni shida, wato kusan wasa biyu a mako. Nasara maki biyu ce, canjaras maki ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai a wancan zamanin. Wahalar tana wurin tafiya da yanayi. 'Yan wasan da suka saba shiga mota ko jirgin ƙasa na 'yan sa'o'i a Ingila sun samu kansu suna keta ƙasar da tsakanin gaɓarta ta yamma da ta gabas ya haura kilomita 4,000, a tsakiyar lokacin zafi. Filayen ma ba don ƙwallon ƙafa aka gina su ba, yawancinsu na besbol ne da zari-ruga.

Wolves ta fara ne da ziyartar Houston, inda ta yi canjaras 1-1 da Bangu a filin Astrodome, rufaffen fili mai ciyawar roba. Mutum 34,965 ne suka shiga kallo. Wannan adadi ya faranta ran masu gasar, sai dai ba a sake ganin irinsa ba. Da aka yi lissafin ƙarshen kaka, matsakaicin 'yan kallo a gasar bai kai 8,000 a kowane wasa ba, kuma na Los Angeles ma a nan ya tsaya. A fili mai girman Coliseum, wannan na nufin kujera tara cikin goma babu kowa a kai.

Haɗa salon wasa na ƙasashe daban-daban a gasa ɗaya ya jawo zafin kai. 'Yan Birtaniya sun saba da shiga da ƙarfi, 'yan Italiya da na Kudancin Amurka suna da nasu salon, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne mai ƙeta. Wasan Glentoran da Bangu a Detroit bai ma kai ƙarshe ba, an tashe shi saboda faɗa ya kaure a fili.

Wolves ma ta shiga tata taƙaddamar, amma a kan doka. Gasar ta yarda a canza 'yan wasa biyu, da ƙarin mai tsaron raga idan an so. A wasan da ta yi 1-1 da Washington a watan Yuni, Wolves ta canza 'yan wasan fili uku. Washington ta kai ƙara, hukumar gasar ta soke sakamakon, ta ce a sake wasan. An sake shi kwanaki kaɗan kafin wasan ƙarshe, Washington ta ci 3-0. Wannan nasarar ce ta tabbatar mata da shugabancin Rukunin Gabas, inda ta ƙare da maki 15, Cleveland na biye da 14.

Shan kayen bai taɓa matsayin Wolves ba. Ta ƙare a saman Rukunin Yamma da nasara biyar, canjaras biyar, rashin nasara biyu, maki 15, ta ba San Francisco da Chicago tazarar maki biyu. An jefa tsabar kuɗi sama don fitar da wanda zai karɓi baƙuncin wasan ƙarshe, sa'a ta faɗa wa Los Angeles.

Wasan ƙarshe: ƙwallo 11 a minti 126

Ranar 14 ga Yuli, 1967, kimanin mutum 17,800 suka shiga Coliseum. A takarda Los Angeles ce da Washington, a fili kuwa Ingila ce da Scotland, tsofaffin abokan hamayya. Aberdeen, a ƙarƙashin mai horarwa Eddie Turnbull, ba kanwar lasa ba ce: a watan Afrilun shekarar ta buga wasan ƙarshe na Kofin Scotland, inda Celtic ta doke ta.

Minti uku da farawa Knowles ya ci wa Wolves. Jimmy Smith ya farke wa Washington, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya kore shi daga fili. Da baki aka kore shi, domin a lokacin ba a fara amfani da jan kati ba. Daga nan Washington ta ci gaba da mutum goma har ƙarshen wasa.

Bayan an yi awa ɗaya ana wasa sai abin ya ɓalle, aka ci ƙwallo huɗu a cikin kimanin minti huɗu. Frank Munro ya sa Washington gaba da bugun fenariti, Burnside ya farke. Jim Storrie ya sake sa Washington gaba, Burnside ya sake farkewa. Saura 'yan mintoci a tashi Burnside ya ci ta ukunsa, Wolves ta shiga gaba da 4-3. Ana daf da busa tashi Munro ya mayar da wasa 4-4.

A ƙarin lokaci na minti 30 Dougan ya ci ta biyar. Wolves ta samu damar rufe zance da aka ba ta fenariti, amma mai tsaron ragar Aberdeen, Bobby Clark, ya tare bugun Wharton. A daƙiƙun ƙarshe aka ba Washington nata fenaritin, Munro ya ci, ya cika uku shi ma, wasa ya koma 5-5.

A wancan lokacin ba a fara raba gardama da bugun fenariti ba, don haka aka ci gaba da wasa a kan sharaɗin duk wanda ya fara ci ya ɗauki kofi. Minti shida da komawa, Bobby Thomson ya kwaso ƙwallo ta gefe ya bugo ta tsakiya, ta bugi mai tsaron bayan Aberdeen, Ally Shewan, ta faɗa ragarsu. Wolves ta ci 6-5.

Abin da ya biyo baya

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Bayan wasan 'yan Wolverhampton suka koma Molineux don shirin gasar Ingila da za a fara a watan Agusta, aka bar Los Angeles da suna da kofi, ba ɗan wasa, ba mai horarwa. Wanda ya fara sha'awar Dougan ko Knowles a watan Yuni ba shi da wanda zai bi a shekara mai zuwa. Haka abin yake a duk birane 12.

Gasar biyu duka sun tafka asara, domin sun raba 'yan kallon da dama ba su da yawa. A birane irin su Los Angeles da New York da Chicago da Toronto kowace gasa tana da ƙungiya. NPSL kuma ta shigar da ƙara kotu tana zargin hukumomin ƙwallo da yi mata taron dangi. A watan Disamban 1967 ɓangarorin biyu suka sasanta, suka haɗe suka zama North American Soccer League, wato NASL, wadda ta fara da ƙungiyoyi 17 a 1968.

A sabon tsarin Wolves ta ci gaba da zama a Los Angeles, abokiyar hamayyarta ta gari ɗaya, Toros, ta koma San Diego. Sai a lokacin Cooke ya fara abin da aka tsallake a farko, wato tara 'yan wasa na kansa. Ya ɗauko Ray Wood, tsohon mai tsaron ragar Manchester United da ya tsira daga haɗarin jirgin sama na Munich a 1958, ya ba shi aikin horarwa, aka koma filin Rose Bowl da ke Pasadena. Ƙungiyar ta ƙare a matsayi na uku a rukuninta, 'yan kallo suka ragu ƙwarai, kuma da ƙarewar kakar 1968 aka rufe ta. Ba ita kaɗai ba: ƙungiyoyi 12 cikin 17 ne suka mutu a lokaci ɗaya.

Daga cikin ƙungiyoyi 12 na gasar 1967, Dallas Tornado ce kaɗai ta tsallake wannan guguwar, ita da ta ƙare a ƙasan Rukunin Yamma. Mai ita, Lamar Hunt, ya jure asarar, ya gina ƙungiya a hankali har ta lashe NASL a 1971, ta kuma rayu zuwa 1981. NASL ta bunƙasa bayan zuwan Pele ƙungiyar New York Cosmos a 1975, sannan ita ma ta rushe bayan kakar 1984. Gasar MLS da ake bugawa a yau an fara ta ne a 1996, shekara biyu bayan Amurka ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya na 1994, wanda shi ne na farko da Najeriya ta halarta. Hunt yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma kofin ƙalubale na Amurka sunansa yake ɗauke da shi.

Makomar wasu 'yan wasan

Wadda ta fi cin ribar tafiyar ita ce Wolverhampton. Ronnie Allen bai manta da matashin da ya zura musu ƙwallo uku ba, a watan Janairun 1968 ya sayo Frank Munro daga Aberdeen. Munro ya koma mai tsaron baya, ya buga wa Wolves wasa fiye da 350, ciki har da wasan ƙarshe na Kofin UEFA na 1972 da Tottenham ta ci, da na League Cup na 1974 da Wolves ta lashe tare da Dougan da Wagstaffe.

A 1969 Wolverhampton ta sake zuwa Amurka a irin wannan aron, wannan karon da sunan Kansas City Spurs, a wata ƙaramar gasa ta ƙungiyoyi biyar, ta kuma sake yin na ɗaya. A shekarar ce Peter Knowles ya ajiye ƙwallo yana da shekara 23, saboda ya shiga ɗariƙar Shaidun Jehobah, bai kuma sake buga wasan gasa ba.

A ɓangaren Aberdeen, matashi Martin Buchan da ke cikin tawagar ya zama kyaftin ɗin Manchester United daga baya. Bobby Clark, wanda ya tare fenaritin Wharton, ya horar da ƙungiyar Highlanders ta Bulawayo a Zimbabuwe, sannan ya koma Amurka ya shafe shekaru yana horar da ɗaliban jami'o'i, har ya ci gasar jami'o'in ƙasar da Notre Dame a 2013.

Kakar 1967 a taƙaice

- Mai ƙungiya: Jack Kent Cooke
- Mai horarwa: Ronnie Allen
- Filin wasa: Los Angeles Memorial Coliseum
- Sakamako: wasa 12, nasara 5, canjaras 5, rashin nasara 2, maki 15
- Matsayi: ta ɗaya a Rukunin Yamma
- Wasan ƙarshe: Los Angeles Wolves 6, Washington Whips 5, ranar 14 ga Yuli, 1967